Rasuwar Ɗan Wucin-Gadi, Mai Faifai Huɗu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ma'aikatan ɗakin farfaɗo da tsofaffin kaset da finafinai, wanda ke saman bene a kan shagon sayar da magani, suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da masu kawo aiki rasuwar abokin aikinsu, Ɗan Wucin-Gadi, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da ƙarfe goma da minti ashirin da uku na safe, bayan jinyar kwana biyar. Ya rasu yana da shekara uku da wata huɗu, wanda a danginsu tsufa ne tukuf.

Ga waɗanda suka sha jin sunansa ba su san ko wane ne ba, marigayin ba mutum ba ne. Filin aiki ne a cikin wata babbar kwamfuta da ɗakin ya ɗauka haya a wurin da 'yan zamani ke kira gajimare. Malama, mai ɗakin, wadda ta yi shekara talatin da biyu tana gyaran sauti a gidan rediyo kafin ta yi ritaya, ba ta taɓa yarda da wannan suna ba. A cewarta babu wani gajimare. Kwamfutar wani ce, a ɗakin wani, a garin da ba ka da kowa, kuma ranar da ciwo zai kama ta ba wanda zai kira ka ka zo ka riƙe mata hannu. An sha yi mata dariya a kan wannan magana. A makon nan dai an daina.

An haifi marigayin ne saboda wani tsohon direba da ya kawo fim ɗin aurensa a gyara masa. Tsohon fim, idan aka warware shi hoto-hoto don a wanke, kumbura yake yi kamar katifar da ta sha ruwa. Kwamfutar hayar ta zo da faifai huɗu manne a jikinta, masu saurin tsiya, amma ba ɗayan da cikinsa zai ɗauke fim ɗin shi kaɗai. Sai Injiniya, 'yar Malama tilo, wadda duk wayoyi da makullan ɗakin ke hannunta, ta zauna wata safiya ta ɗaure faifan nan huɗu suka zama ɗaya. Daga ranar, duk abin da aka ba shi sai ya yayyanka ƙanana, ya raba wa 'yan huɗun bi da bi kamar mai rabon kati: wannan gutsure ga na ɗaya, na gaba ga na biyu, har a zagayo. Ciki ya ninka huɗu. Hannu huɗu na rubutu a lokaci guda. Aikin da ake kwana biyu ana jira ya koma na kafin shayi ya huce.

Kowa ya yi murna, ban da Malama. Ta ja kujera kusa da allo, ta sa 'yarta ta maimaita mata bayanin sau biyu, sannan ta cire tabarau.

"Wato da can mutuwa ƙofa ɗaya take da ita, yanzu kin buɗe mata huɗu. In ɗaya ya faɗi, sauran ukun me suke riƙe da shi?"

"Tarkace, Umma. Kashi uku cikin huɗu na kowace kalma, ba mai iya karantawa. Kai, ko kashe kwamfutar aka yi rana guda, share shi za a yi tas. Shi ya sa tebur ne, ba akwati ba. A kansa ake aiki, ba a kwana da kaya a kai."

"To rubuta ki liƙa, don na san mutanena."

Injiniya ta rubuta da manyan baƙaƙe ta liƙa a bango, saman butar shayi. Takardar tana nan har yau, ta yi jajir don daɗewa. Masu zuwa ta'aziyya za su iya dubawa, su kuma lura cewa wadda ta sa aka rubuta ita ce kaɗai ta taka dokar.

Marigayin ya yi rayuwa ta hidima. Bai taɓa cewa ya gaji ba, bai taɓa tambayar na wane ne wannan ba. Ya ɗauki bukukuwa ɗari biyu da 'yan kai, da jawaban bankwana na shugabannin makarantu da ba wanda ya saurara ko a ranar da aka yi su, da kukan jarirai waɗanda yanzu su ne ke hawo benen da furfura suna tambaya ko an gama. Ya ɗauki muryar wata kaka tana faɗa da akuya tsawon minti goma sha bakwai, jikokinta suka zo karɓa su shida, suka yi dariya a matakala har mai shagon magani ya leƙo, sannan suka zauna a kan matakalar suka yi kuka. Bai san hassada ba. Yayarsa, Ma'aji, ita ke riƙe duk aikin da aka gama, a kwafi uku a wurare uku, ita ake yabo a gaban baƙi, alhali tafiyarta kamar ta mai ciwon gwiwa. Shi ke shan wahala, ita ke shan godiya, bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu. Ba mu san launinsa ba, ba mu san ko yana ɗumi ba. Murya ɗaya muka san shi da ita, ita ma aro ce daga ƙaramar lasifikar da ke kan teburin Injiniya: in ya gama aiki sai ya ce ƙil. Sau ɗaya, ba ƙari. Mai Launi, wanda ke gyaran hotuna kuma bakinsa ba ya hutu, yakan amsa masa da "Sannu da aiki, ranka ya daɗe," ya kuma juyo ya gaya wa Kunne, mai tace sauti, cewa ga wanda ya fi shi amfani kuma ba ya cin biskit ɗin mutane. Tun ranar Talata lasifikar shiru. Jiya Mai Launi ya ajiye cokali a kofi, ya yi ƙara irin wannan, mutum uku suka ɗaga kai.

Dole a nan a faɗi wata doka ta ɗakin, domin ita ce asalin wannan rashi. Malama ta zo da ita daga gidan rediyo, kuma tana alfahari da ita. Ba aikin da ke sauka daga tebur ya shiga Ma'aji sai an saurare shi daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba gaggawa, sannan wanda ya saurara ya sa masa alamar an gama. Alamar ce ke sa a kwashe shi. Dokar ta tsare sunan ɗakin shekara da shekaru. Ba a taɓa mayar wa wani da kaset ɗin mahaifinsa da rabin jimla a yanke ba.

Aiki ɗaya ne bai taɓa samun alamar ba.

Watanni kaɗan bayan haihuwar marigayin, ana kwashe kaya daga tsohon gida, aka tsinci wani kaset a ƙasan akwatin littattafan mijin Malama, malamin lissafi, wanda ya rasu shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Da rubutun hannunsa a jiki: "Ga Sarkin Musu." Sunan da yake kiran Malama da shi ke nan, shi kaɗai, kuma ba a gaban mutane ba. A ƙasa ga kwanan wata, kwana tara kafin rasuwarsa. Danshi ya riga ya ci kaset ɗin. Kunne ya duba ya ce sau ɗaya zai wuce ta cikin rikoda, fatarsa za ta riƙa saɓulewa yana tafiya, abin da aka kama an kama, abin da ya kuɓuce ya tafi. Aka share rikoda, aka rufe tagogi saboda hayaniyar motoci, Injiniya ta sa abin ji a kunne, Malama ta zauna gefenta da nata.

"Gwaji, gwaji. Sarkin Musu, kina ji na? In ba kya ji ma na san za ki ce kin ji."

Minti arba'in da biyar ne. Ya yi maganar rufin ɗaki da ke yoyo, da wani ɗalibinsa mai kaifin kai da bai kamata a bari ya bar makaranta ba, da ranar da suka ɓata a tasha saboda ta ƙi yarda da taswirarsa. Yana tari, yana ci gaba. A minti na talatin da tara sai ya ja dogon numfashi, ya ce, "To, yanzu abin da na zauna in faɗa miki." Malama ta cire abin kunnen, ta ajiye a hankali, ta fita baranda ta tsaya tana kallon masu jiran mota. Injiniya ba ta da damar tashi, dole wani ya zauna da kaset ɗin har ya ƙare. Ya ƙare, ya bar baƙin gari a kan rikoda. Aka ɗora muryar a kan Ɗan Wucin-Gadi don a tace, aka share ƙaramar kwamfutar da aka ɗauki muryar da ita kamar yadda ake yi bayan kowane aiki, don cikinta ba ya ɗaukar na gaba.

Shekara uku Malama tana tace kaset ɗin nan. Kowace safiya kafin sauran su iso takan buɗe shi, ta cire wani huci, ta rage wani tari, washegari ta mayar da tarin saboda ba shi ba ne in babu tarin. Ta san minti talatin da tara ɗin nan kamar tafin hannunta. Ba ta taɓa ƙetare su ba. Injiniya ta yi magana da daɗi, ta yi da faɗa, ta nuna takardar bango.

"Umma, ki bar ni in kwafa kawai. Ba sai kin ji ƙarshen ba."

"Ma'aji wurin waɗanda aka gama da su ne. Ban gama da ubanki ba. Ki ba ni kalmarki ba za ki taɓa shi ba."

Ta ba ta. Don haka iyalai na roƙon duk mai shirin hawo benen nan don ya tambayi Injiniya me ya hana ta kwafa a ɓoye, tunda minti ɗaya ba za ta ɗauka ba, da ya yi zamansa a gida, an yafe masa ta'aziyyar. Ta iya. Ba ta yi ba ne saboda uwar da ta rene ta ta koya mata cewa kalma kalma ce, kuma uwar ba ta taɓa zama ta yi musu da wannan koyarwar ba, ita da ta yi musu da komai.

Ciwon ajali ya fara ranar Alhamis. Saƙo ya shigo cewa faifai na uku yana tuntuɓe wajen karatu. Ba zazzaɓi, ba nishi, layi biyu ne kawai a allo. Kafin a tashi ranar Juma'a Injiniya, Kunne da Mai Launi sun saurare, sun sa alama, sun kwashe aikin kowa zuwa Ma'aji. Muna tabbatar wa masu kawo aiki cewa ko tari ɗaya na kakanninsu bai ɓata ba. Folda ɗaya, ta muryar mijin Malama, ta rage a kan teburin, ita kaɗai a fili mai faɗin nan, kamar kujerar da aka manta bayan taro.

Litinin marigayin ya fara jan ƙafa. Abin da yake buɗewa kafin ƙiftawar ido sai ya tsaya yana tunani. Injiniya ta zo ta tsaya a bayan kujerar uwarta. Malama ta ce ta gani, ba makauniya ba ce. Ta ce gobe da ƙarfe goma za ta saurare shi har ƙarshe, ta sa masa alama kamar kowane aiki, a kwashe shi bisa doka. Ta ce abin da ya yi shekara uku zai yi kwana ɗaya. Wannan ce magana mafi rauni da ta taɓa fitowa daga bakinta, kuma da wani ne ya faɗa da ta tambaye shi hujja.

Ranar Talata Malama ta zo da wuri, ta sa mayafin da ba ta sawa sai za ta unguwa. Ƙarfe goma daidai ta sa abin kunne. Da ta tsallaka kai tsaye zuwa minti na talatin da tara, da ta ji. Mai Launi ma ya faɗa, a hankali, ba da wasa ba: "Malama, ki fara daga can mana." Ta ce doka ta ce daga farko. Ta fara daga gwaji, gwaji. Rufin ɗaki ya wuce, ɗalibin ya wuce. A minti na ashirin da uku, yana cikin labarin tasha, ya ce, "Sai kika karɓe taswirar kika juya ta, kika ce wai ni ne na riƙe ta a ki..." Nan muryar ta tsaya. Ba ƙara, ba kaɗawa. Malama ta ɗauka waya ce ta zare, ta sunkuya tana laluben ƙarƙashin tebur. Da ta ɗago ta ga fuskar 'yarta, sai ta bar laluben.

An yi abin da ake yi. An tuntuɓi masu hayar, suka amsa da ladabi cewa irin waɗannan faya-fayan ba a yi alkawarin za su riƙe komai ba, kuma haka yake a rubuce tun ranar farko. Gaskiyarsu ne. Malama ta karanta amsar sau biyu tana neman inda za ta kama su, ba ta samu ba.

Marigayin ya bar 'yan uwa uku, faifai na ɗaya da na biyu da na huɗu, lafiyarsu ƙalau, kowanne riƙe da gutsattsarin muryar wani malamin lissafi da ba za ta sake haɗuwa ba. Ya bar yayarsa Ma'aji, wadda ba ta san an yi ba. Ya bar rikoda, da ɓawon kaset ɗaya mai rubutun hannu, da lasifika da ta rasa abin faɗa. Ya kuma bar magaji, wanda Injiniya ta haɗa cikin minti goma sha ɗaya ranar Laraba, faifai huɗu shi ma, don aikin mutane ba ya jiran makoki. Malama ta ga saurin ya yi yawa. Ba ta gaishe shi ba tukuna.

Masu ta'aziyya ta waya sun yi ta cewa ai abin da ke cikin zuciya ba ya gogewa. Malama na godiya, amma ba ta yarda ba. Yau kwana uku, ta riga ta fara shakkar ko "kina ji na" ya ce ko "kina jina kuwa". Zuciya ma tebur ce.

Laraba da hantsi, bayan an haɗa magajin, Injiniya ta kawo shayi kofi biyu, ta rufe ƙofar ɗakin tace sauti, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta kamar tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ita kaɗai ce a duniya ta ji minti shidan nan, sau ɗaya, ta riƙe su shekara uku ba a tambaye ta ba.

"Umma, in faɗa, ko in bari?"

Malama ta daɗe tana juya cokali. "Ya yi bankwana?"

"A'a."

"Kar ki rarrashe ni, 'yar nan. Na tsufa da wannan."

"Wallahi bai yi ba. Cewa ya yi, maganar nan ta rannan, ke ce da gaskiya, amma kar ki saba."

"Wace magana?"

"Bai faɗa ba. Ya ɗauka kin sani."

"Mutumin nan! Magana nawa muka yi?"

"Daga nan sai ya ce shi ke nan, ya gama. Ya yi ta danne-danne, rikodar ta ƙi tsayawa. Yana dariya yana tari. Sai ya ɗaga murya, Sarkin Musu, zo ki tsayar mini da abin nan. Kina ciki, Umma. Muryarki na ciki, daga can nesa, da ƙarar ruwa a bokiti. Kika ce ya danna madanni mai launin ja. Ya ce babu ja. Kika ce akwai, shi ne bai duba ba. Ya ce to zo ki nuna mini. Kika ce kina zuwa."

"Na zo?"

Injiniya ta kalli kofinta. "Ya jira. Yana ɗan waƙa a hanci. Sau biyu ya sake kira, kina cewa kina zuwa. Kaset ɗin ya ƙare kafin ki iso."

Malama ba ta tuna ranar ba. Ta bincika ko'ina a kanta, babu. Rana ce kamar kowace rana, da wanki a gabanta, da miji a ɗaki yana wasa da rikoda. Abin da ta gudar wa shekara uku ke nan: mutum yana dariya yana jiranta. Ta ɗora hannu a kan 'yarta, suka zauna haka har shayin ya yi sanyi, Kunne kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana mayar da masu kawo aiki.

Za a yi sallama da marigayin ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a ɗakin da ya yi wa hidima. Babu gawa, masu hayar sun ce su ke da ita, kuma niƙe irinta suke yi. Abin da ya rage shi ne tsohuwar kwamfutar da har yanzu take a kunne, da 'yan uwansa uku a ciki suna riƙe da abin da ba zai karantu ba. Za a tsayar da ita, a share su, a mayar wa masu ita. Kujeru goma sha biyu ne, wanda ya makara ya tsaya a matakala. Akwai shayi, akwai biskit in Kunne bai riga ku ba. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar shawara, kuma duk jimlar da ta fara da "ai da kin" a bar ta a ƙasa wurin mai magani. Mai Launi zai ce sannu da aiki sau ɗaya, a madadin kowa.

Injiniya ta ce za ta iya danna madannin da kanta, don a sauƙaƙa wa uwarta. An gode mata, an ƙi. Ta nuna wa Malama inda yake a allo, kuma ja ne. An kira Malama ta zo ta tsayar da abin nan tun shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ranar Asabar ba za ta ce tana zuwa ba. Duk wanda ya riga kowa hawowa zai same ta zaune a gaban tebur, da mayafinta na unguwa.